Yaƙin Langa

Litinin, 23 ga Yuni, 1975

Wannan ragowar littafin rubutuna ne na aji bakwai. Tunda bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane, bari hannuna ya yi magana. Duk wanda ya karanta ban yafe ba. Ƙanwata Abu ba ta san baƙi ba tukuna, da sauƙi.

Takarda ta zo yau. An ɗauke ni makarantar horon malamai mata a Kano, farkon Satumba. Hedimasta da kansa ya kawo ta gida. Ina jin sallamarsa na shige bayan rumbu, sai da ya tafi na fito. A bayan takardar an jera kayan da za a je da su: akwatin ƙarfe mai makulli, bokiti, zanen gado biyu, fitila, takalmi. An ja layi a ƙasa, wai wadda ba ta zo da su ba za ta koma gida.

Baba ya karanta gaban yana murmushi. Ya juya bayan, murmushin ya tafi.

Talata, 24 ga Yuni

Baba masinja ne a ofishin gona na nan Roni. Da aka ba ma'aikata kuɗin Udoji a farkon shekara, ya sayi sabon keke da rediyo da agogo. Daga nan muka fara shan shayi da burodi da madarar gwangwani kullum safe, ran Juma'a har da kifin gwangwani. Kuɗin sun daɗe da ƙarewa, amma bakinmu bai samu labari ba.

Na ji yana ce wa Inna, “In bai yiwu ba, ta bari sai baɗi.” Baɗi kuma wa zai ajiye min wuri? Na yi kuka a ɗaki, a hankali, don kada a tambaye ni dalili.

Asabar, 28 ga Yuni

Ya Kaka, mahaifiyar Baba (shi “Ya” kawai yake ce mata), ta iso daga Kanya Babba da ƙunshin kaya a ka da taure a igiya. Ina zaton Inna ce ta aika mata.

Ko ruwa ba ta sha ba ta leƙa madafa. Ta ga gwangwanayen da muka tara a lungu.

“Mele, wannan gida ne ko kanti?” Haka take kiran Baba, kamar ɗan shekara goma. Ta ɗaga na kifi da yatsa biyu. “Wa ya ga an kama shi? Wa ya san shekarar da ya mutu?”

Ta yanke hukunci a tsaye. Tauren nan shi ne akwatina, a kiwata shi zuwa ƙarshen Agusta a sayar. Sauran kaya kuwa daga bakinmu za su fito. Ta zaro asusu na yumɓu ta dasa a ƙarƙashin gadonta, ta ce duk abin da aka saba kai wa mai kanti a jefa shi nan.

Ta kalle ni. “Ke 'yar boko, ba kya gaisuwa?” Na gaishe ta, wallahi, ita ce ba ta ji ba.

Talata, 1 ga Yuli

Ba burodi. Ɗumamen tuwo da safe, kwaɗon rama da rana, tuwo miyar kuka da magariba. Daddawa ta kori dunƙulen kanti. Toka ta kori sabulun wanke-wanke. An cire batiran rediyo, suna cikin lalitar Ya Kaka, sai lokacin labarai.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ragowar ganyen shayi Ya Kaka ta ce zubar da shi haramun ne, sai a ƙarar da shi. Ana dafawa, ta tsame, ta shanya a faifai, gobe a sake. Yau karo na huɗu. Ruwan zafi muka sha wanda ya taɓa jin labarin shayi.

Lahadi, 6 ga Yuli

Baba ya fara fita da wuri, wai aiki ya yi yawa. Jiya ya dawo, Abu ta hau cinyarsa ta ce, “Baba, burodi ya maƙale a gemunka.”

Ya Kaka ba ta ɗago daga tsinkar zogale ba. “Mele, ashe ofishin gona burodi kuke shukawa bana?”

Ya ce, “Ya, wani ne ya matsa min a teburin mai shayi.”

“Allah ya saka masa. Gobe in ya matsa maka, ka karɓi kuɗin ka kawo asusu.”

Inna ta shige ɗaki da sauri. Na ji ta tana dariya a cikin zane.

Laraba, 9 ga Yuli

Ranar da ta fi kowace muni.

An hana sayen ashana. Ya Kaka tana binne garwashi a toka da yamma, da safe ta tone ta hura. To, ruwan jiya ya shiga madafa ya kashe komai. Ta miƙo min fasasshen kasko. “Je ki ɗebo wuta a maƙwabta. Haka muka tashi, ba wanda ya mutu.”

Ni! In shiga gidan mutane in buɗe baki!

Gidan da ya fi kusa na Maman Rhoda ne, matar malamin asibiti, mutanen Jos ne. Na tsaya a ƙofa na kasa sallama. Ita ce ta gan ni. “Ah, 'yar maƙwabta! Shigo mana, kare ba ya cizo, ba mu ma da shi.” Na miƙa kaskon na ce, “Wai wuta.” Kalma biyu, su ma da ƙyar.

Ashe ita a risho take girki, ba ta da garwashi. Ta yi ta dariya, ta ƙyasta ashana ta kunna min karan dawa da guntun gawayi.

Da na faɗa wa Ya Kaka, sai ta dafe ƙirji. “Tsinke guda cur ta ƙona saboda mu?” Ta ɗauko langarta mai murfi, ta cika da kwaɗon rama, ta ce in kai. Na kai, na ajiye, na gudo.

Alhamis, 10 ga Yuli

Langa ta dawo da shinkafa da miyar tumatir. Abu ta yi rawa.

Na san ba a mayar wa maƙwabci kwano wayam, kowa ya sani. Amma Ya Kaka ta daɗe tana kallon shinkafar nan kamar an aiko mata da sammaci. Ta ce, “Na aika ganye, an maido min shinkafa. Wato ana tausaya mana.”

Lahadi, 13 ga Yuli

Dambu Ya Kaka ta yi, da man gyaɗa har yana ƙyalli. Mu aka ɗan ɗiga mana, na langa aka tsiyaya. Na kai. Langa ta dawo da doya da ƙwai.

Laraba, 16 ga Yuli

Wainar shinkafa ta tafi. Taliya da kifin gwangwani ta dawo. Baba ya ci yana lumshe ido. Ya Kaka ta ce ita ba za ta taɓa ba, ta dai ɗanɗana don ta san ƙarfin abokiyar karawa. Ɗanɗanon ya kai loma tara, na gani.

Asabar, 19 ga Yuli

Yanzu girki biyu ake yi a gidanmu. Namu, da na langa. Namu ƙanzon tuwo ne da aka jiƙa aka zuba ƙuli-ƙuli. Gaskiya ba laifi, in mutum bai ji ƙamshin ɗaya tukunyar ba.

Tun da aka fara wannan abu ban ji ƙarar kwabo ya faɗa asusu ba. Da, kullum da safe sai na ji. Ina kasa kunne.

Inna ta gwada. “Ya Kaka, da an ɗan sassauta, tunda ita ma ta san hali…”

“Ta san wane hali? Me ta sani? Wa ya faɗa mata?”

Inna ta ce babu, ta koma tankaɗe.

Talata, 22 ga Yuli

Ni ce jakar da ke ɗaukar kayan wannan yaƙi. Kullum Maman Rhoda sai ta ce, “Zauna mana, 'yata. Yaya sunanki ma?” Sati biyu ke nan. Yau na ce, “Fanna.” Ta tafa hannu ta ce, “Yau za a yi ruwa!” Aka kuwa yi.

Ta buɗe langar, burabusko ne da miyar nama. Na ga kamar fuskarta ta ɗan faɗi kafin ta ce madalla. Ko idona ne.

Juma'a, 25 ga Yuli

Zabuwarmu ta tafi cikin langa.

Talata, 29 ga Yuli

An sa batir da rana saboda maƙwabta suna ta hayaniya. Wai sojoji sun canja gwamnati a Legas. Baba ya manna kunne a rediyo. Ya Kaka ta ce, “To, an ji. A kashe. Sabuwar gwamnatin ba za ta saya mana batir ba.”

Ta fi damuwa da abin da ya dawo jiya: sakwara da miyar agushi, da tsokar nama huɗu. Ta sa na ɗaga su da cokali ta gani ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi, 3 ga Agusta

Na kama Ya Kaka tana zaro kuɗi daga bakin asusu da tsinken tsintsiya. Ta ce, “Me kike kallo? Iska nake ba su.” Da yamma aka yi sinasir da miyar kaji.

Na je na zauna wajen tauren. Ya yi ƙiba, ni nake yanko masa ciyawa. Shi kaɗai nake iya yi wa magana mai tsawo.

Laraba, 6 ga Agusta



Langa ta dawo ba ita kaɗai ba, da tire a bayanta. Kaza guda sukutum, soyayya, a kan shinkafa, ga cincin a gefe.  Ya Kaka ta kalli kazar, ta kalli turken taure. Sai ta ce, “Mele, ka faɗa wa Daudu mahauci ya zo jibi da hantsi, kafin masallaci.”

Baba ya ce, “Ya, ai tauren nan…”

“Nawa ne ko naka?”

 Baba ba ya iya musu da ita, Inna kuma suruka ce. Na ji kaina ina cewa, “Ya Kaka, akwatin fa?” Ban san na faɗa da ƙarfi ba sai da kowa ya juyo.

Ta ce, “Ke 'yar boko, makarantar ba za ta gudu ba. Ni kuwa ba zan koma Kanya a ce wata yarinya mai girki a kan kananzir ta rufe min baki ba.”

Ban ci kazar ba. Abu ta cinye rabona.

Alhamis, 7 ga Agusta

Zan rubuta duka don kada in manta yadda aka yi.

Akwai wuta a gidanmu, amma na ɗauki kaskon na fita, don ban san da wane dalili zan shiga ba. Maman Rhoda tana wanki. Ta ce, “Wuta kuma?” Na girgiza kai. Na tsaya. Ta ci gaba da wanki, ta gama riga biyu, ina tsaye.

Sai na rufe ido na faɗa. Makaranta, takarda, layin da aka ja, asusu, tsinken tsintsiya, taure, Daudu mahauci gobe da hantsi. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka ba a rayuwata. A ƙarshe na ce, “Don Allah ki daina aiko mana da abin daɗi.”

Da na buɗe ido tana zaune a ƙasa, kumfa har goshi, tana dariya hawaye na zuba.

“Wayyo ni Dorkas! Zo ki gani.” Ta ja ni bayan ɗaki ta nuna min akurkinta. Kaza ɗaya ta rage, ita ma a tsorace. “Shida ne da. Masu yi min ƙwai! Baban Rhoda sati uku yana shan garin rogo, jiya ya ce in na ƙara yanka kaza zai koma kwana a asibiti. Mu ma a wurinmu ba a maido kwano haka nan. Na ga tsohuwa tana ƙarawa, na ce ko al'adarku ce, kada in ji kunya.”

Na ce mu ma mun zaci taku ce.

“Kuma kin san abin haushi? Wannan ganyen na ranar farko, mai ƙuli-ƙuli. Shi nake so! Shi kaɗai yake zama min.” Ta shafa cikinta. Na kalli ƙasa. “Kullum in buɗe langa ina addu'a, sai in ga nama.”

Na ce to yaya za a yi, Ya Kaka ba za ta sauka ba.

Ta share ido ta ce, “Ni zan faɗi. Faɗuwa a gaban tsohuwa ba ciwo. Ke dai ki yi shiru, wannan kin iya.”

Juma'a, 8 ga Agusta

Maman Rhoda ta zo da sassafe, hannu wayam, ta durƙusa har ƙasa.

“Mama, na zo in ce na tuba. Ni yarinya ce, ban isa ba. Hannunki ya fi nawa, tukunyarki ta fi tawa. Ki rufa min asiri ki bar ni haka.”

Ya Kaka ta gyara zama, ta gyara ɗaurin kai. Ban taɓa ganin ta yi tsawo haka ba. “Ai kin yi ƙoƙari, 'yar nan. Miyarki ta agushi ba laifi. Gishiri ne dai.”

“In za ki taimake ni, Mama, ramar nan kawai. Ki koya min ma.”

“Rama? Ga ta can bayan gida tana fitowa kyauta, kuna ta ƙona kuɗi a kanti!”

Komai ya tafi daidai. Har an fara dariya. Sai Maman Rhoda, garin jin daɗi, ta ce, “Ai da Fanna ba ta faɗa min maganar tauren ba, da mun yi asara babba.”

Ta toshe bakinta da hannu. Ya makara.

Ya Kaka ta juyo a hankali. Na nemi bayan rumbu, Inna tana tsaye a hanyar.

Daidai nan Daudu mahauci ya yi sallama da wuƙaƙensa. Ya Kaka ta kalle ni, ta kalli baƙuwa, ta kalli turke. Ta ɗaga murya, “A ce masa an fasa. Yaƙi ya ƙare, wa zan yanka wa?” Daudu ya ce ya bar ciniki ya taho. Aka ba shi ɗumame.

Tauren yana nan yana tuƙa, bai san komai ba.

Litinin, 11 ga Agusta

Kwana uku Ya Kaka ba ta yi min magana ba, sai dai ta yi wa bango. “Wadda ba ta iya gaida hedimasta ba, ta iya ɗaukar asirin gida ta kai maƙwabta a kasko.”

Amma yau da safe na ji ƙarar kwabo.

Asabar, 16 ga Agusta

Maman Rhoda kullum tana gidanmu da la'asar, tana koyon kwaɗo da dambu. Ya Kaka ta sa ta ajiye risho sai ranar ruwa. Jiya na ji tana koya mata yadda ake tsaga tsinken ashana biyu da reza. Baban Rhoda ya aiko da gaisuwa ta musamman.

Langa tana zuwa da rama, tana dawowa da lemon tsami uku ko ɗan gishiri. Abu ta ce ita ta fi son lokacin yaƙi.

Laraba, 27 ga Agusta

An fasa asusu. Bai yi nauyin da ya kamata ba, kowa ya san dalili, ba wanda ya faɗa. Ya isa bokiti da fitila da yadin zanen gado. Takalmi babu. An sayar da taure jiya. Ban fito ba da aka zo jan sa.

Baba ya ce kuɗin tauren akwati kawai za su saya. Takalmi kuma a ga abin da Allah zai yi.

Asabar, 30 ga Agusta

Mun je Kazaure ni da Baba a kan keke.

Mai akwatuna ya sauko da wani shuɗi mai zanen furanni, sabo fil. Baba ya fara lalube aljihu tun kafin a faɗi kuɗi. Na so shi, ba zan ɓoye ba. Amma a can ƙasa akwai wani baƙi, na hannu, murfinsa ya ɗan lotsa. Na buɗe, na rufe, na gwada makulli. Lafiya lau.

Mutumin ya faɗi kuɗinsa. Sai na ji wata tana cewa, “Haba malam, a lotse? Wa ya san shekararsa? Ka dubi tsatsa a gindi.” Ya rage. Ta ce a'a. Ya rantse da ubansa. Ta ce, “Baba, mu je, na ga wani a layin baya.” Ba wani layin baya da na gani. Ya kira mu, ya sake ragewa, ya ƙara da ɗan makulli na biyu, ya ce wa Baba, “Alhaji, wannan 'yar taka a ina ta yi karatu?”

Abin da ya ragu ya sayi takalmi. Kaya sun cika. Ranar Laraba za ni Kano.

A bakin tasha Baba ya tsaya zai saya min burodi da madarar gwangwani biyu na guzuri. Na ce ya mayar, Ya Kaka ta daka min ƙuli-ƙuli da yaji da garin fura, za su kai ni wata guda. Ya daɗe yana kallona da gwangwani a hannu. Ya ce, “Inna lillahi. Guda ɗaya ma yaya muka ƙare, yanzu sun zama biyu.”

Duk hanya yana dariya, keke yana karkata.

Ba gaskiya ba ne. Ban zama kowa ba. Akwatin ne dai a lotse, kuma dole wani ya faɗa.